Getaria da masuntanta: me suke ci, yaya suke zama, kuma ina Musulmi zai sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatu a birnin San Sebastian da ke arewacin Sifaniya. An ba ni shawarar in duba ƙananan garuruwan bakin teku da ke kusa, aka ambaci wani mai suna Getaria. Waɗanne irin mutane ne a can, me suke ci, kuma Musulmi zai iya zama cikinsu ba tare da abinci ya zame masa matsala ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ka lafiya.

Za ka iya zama, kuma ta fuskar abinci bakin tekun ya fi tsakiyar Sifaniya sauƙi ga Musulmi, domin a can ciki alade ne ginshiƙin tukunya, a nan kuwa kifi ne. Sai dai alade da giya suna da wuraren ɓuya a girkinsu, zan nuna maka su. Kafin nan ina so ka riƙe abu ɗaya: a Getaria kifin da ke shigowa tashar jiragen ruwa a kowane wata shi ne yake tsara abin da za a dafa, da lokacin da maza za su bar gida, da ranar da kuɗi zai shiga hannun mutane, har da yawancin bukukuwa. Wanda ya gane wannan ya gane garin.

Getaria tana lardin Gipuzkoa, kimanin kilomita 25 yamma da San Sebastian, wanda 'yan ƙasa ke kira Donostia. Mutanenta ba su kai dubu uku ba. Tsohon garin 'yan layuka ne matsattsu da suka gangara zuwa tashar jirage, a gabansa kuma akwai dutsen San Anton da ya kutsa cikin teku, wanda saboda siffarsa ake masa laƙabi da ɓeran Getaria. Da tsibiri ne, daga baya aka haɗa shi da gari da katangar duwatsu. Wannan dutse shi ne arzikin garin, don shi ke tare iskar arewa maso yamma mai haukata tekun Biskay, jirage su samu mafaka. A 1209 Sarki Alfonso na takwas na Kastil ya ba garin takardar 'yancinsa, a 1397 kuma wakilan garuruwan Gipuzkoa suka taru a cocin San Salvador da ke tsakiyarsa suka ƙulla haɗin kan da ya zama tushen lardin. Cocin na nan har yau. Daɓensa a karkace yake saboda an gina shi a kan gangare, hanya kuma ta bi ta ƙarƙashinsa zuwa bakin ruwa.

Mutanen Baskawa ne, harshensu Euskara, wanda masana ba su gano masa dangi ba cikin harsunan da ake magana da su a duniya yau. Gwamnatin Janar Franko, daga 1939 zuwa 1975, ta kore shi daga makarantu da ofisoshi, amma a garuruwan masunta irin wannan bai taɓa barin bakin mutane ba. Yanzu harshen hukuma ne tare da Sifaniyanci, kuma da shi ake koyar da yawancin yara. Kowa na jin Sifaniyanci, ba za ka rasa mai fahimtarka ba, amma ka koyi kaixo na gaisuwa, egun on na ina kwana, eskerrik asko na godiya, agur na sallama. Fuskar dattijo tana sakewa idan baƙo ya faɗi waɗannan. In ka ga tx a rubutunsu ka karanta shi kamar c ta Hausa. Maganar siyasar ɓallewa da ƙungiyar ETA mai neman ƙasar Baskawa da ƙarfin bindiga, wadda ta daina kai hare-hare a 2011 ta rushe kanta a 2018, ka bar ta sai wanda ya saba da kai ya ɗauko ta da kansa. Akwai gidajen da ciwon bai warke ba, ta kowane ɓangare.

To, mu koma kan kifin.

Shekarar masunta tana buɗewa ne wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris da kifin da suke kira berdel. Ka san shi sarai: shi ne titus da ake sayarwa a shagunan kifin ƙanƙara a Kano da Kaduna, jinsi ɗaya ne, sai dai namu mafi yawa daga tekunan arewacin Turai ake kawo shi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne a can ba a ɗauke shi kifin alfarma ba, yana cikin mafi araha, kuma ɗanyensa da aka kamo da asuba ya yi nisa da wanda ya yi watanni a daskare. Ɗalibi mai lissafin aljihu ya riƙe wannan. Haka ma txitxarro, wanda 'yan kasuwar kifi a Najeriya ke kira kote.

Daga Afrilu zuwa Yuni lokacin antxoa ne, wani ɗan ƙaramin kifi mai tsawon yatsa ko ya ɗan fi. Da dare ake kama shi, jirgi ya kewaye garken da babban taru, a tsuke ƙasan tarun, a jawo. Wani ana soya shi ɗanye da tafarnuwa a ranar, amma darajarsa tana cikin gishiri. Ana cire kai da hanji, a jera shi cikin ganga, shimfiɗar kifi shimfiɗar gishiri, a danne da nauyi, a bar shi watanni shida ko fiye har naman ya koma ja-ja ya yi ƙamshi. Sannan a wanke, a goge fatar, a zare ƙaya, a jera tsokar ɗaya bayan ɗaya cikin gwangwani ko kwalba, a zuba man zaitun. Duk da hannu ake yi, kuma kusan duk mata ne ke yi. Shi ya sa ɗan gwangwani ƙarami yake da tsadar da za ta sa ka sake duba farashin. Wannan sana'a Italiyawa ne suka kawo ta, yawancinsu daga Sisili, a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da suka zo neman kifin da za su gishirta su kai gida, wasunsu suka yi aure suka zauna. Kafin zuwansu masuntan yankin sun fi amfani da shi a matsayin abin ɗana ƙugiya.

Akwai darasin da garin bai manta ba game da wannan kifi. An yi ta kamunsa ba ƙaƙƙautawa har ya kusa ƙarewa, Tarayyar Turai ta rufe kamun a tekun Biskay a 2005, ba a sake buɗewa ba sai 2010. Shekara biyar jirage na zaune a lokacin da ya kamata su fi samu. Kifin ya farfaɗo, kuma tun daga nan ana yanka wa kowace kaka iyakar abin da za a kama, bisa ƙidayar da masu bincike ke yi a teku kowace shekara. Masunta suna gunaguni a kan adadin, kamar yadda masunta ke yi ko'ina, amma ba za ka ji mai hankali cikinsu yana neman a koma yadda ake da ba.

Daga Yuni zuwa Oktoba sai babban aiki, kamun hegaluze, wani nau'in tuna mai farin nama da dogayen fukafukai. Jiragen Getaria suna bin sa da rayayyen abin ɗana: suna ɗaukar ƙananan kifaye a tankunan ruwa cikin jirgi, in sun tarar da garke sai su watsa su, su fesa ruwa a saman teku don kifin ya rikice, maza su jeru a gefen jirgi da sanduna suna fizgo su ɗaya-ɗaya. Aiki ne mai karya baya, amma kifin ba ya dagargajewa kamar na taru, kuma ba a kashe abin da ba a nema ba. Daga cikin waɗannan jirage abincin da na fi so ka fara ɗanɗana ya fito, wato marmitako. Albasa da tattasai ake soyawa a man zaitun, a zuba dankalin Turawa da romon kan kifi da naman busasshen jan tattasai marar zafi. Dankalin ba a yanka shi har ƙarshe, ana sa wuƙa a ɓalle shi, don garinsa ya fita ya ɗaure romon. Kifin kuwa sai an sauke tukunya ake zuba shi, zafin romon kaɗai ya dafa shi cikin 'yan mintoci. Wanda ya bar shi ya tafasa ya ɓata abinci, naman zai bushe ya yi tauri.

Da sanyi ya shigo sai a koma kan legatza, dangin panla, da bisigu, jan kifin da a al'adance ake gasawa lokacin Kirsimeti, wanda yanzu ya yi ƙaranci ya yi tsada.

Duk wannan kamun yana bi ta hannun wata tsohuwar ƙungiya da ake kira kofradia, wato ƙungiyar masunta da masu jirage ta gari. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun girmi yawancin hukumomin da ke mulkin yankin yau: dokokin ta garin Bermeo an rubuta su tun 1353. Abin da ya fi kusa da ita a wajenmu shi ne sarautar Sarkin Ruwa a garuruwan Kabawa, mai faɗin ranar da za a shiga ruwa da ranar da ba za a shiga ba, sai dai a nan shugabancin zaɓe ne, kuma ƙungiyar tana da asusu. Ita ke tallafa wa matan da teku ya cinye mazajensu, da marayu, da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare, tun kafin gwamnati ta san da fansho. Ita ke da masu duba yanayi da za su iya hana kowa fita. A garin Lekeitio, in aka yi saɓani kan fita ko zama, akwatin ƙuri'a ake kawowa mai rami biyu, ɗaya da hoton gida ɗaya da hoton jirgi, kowane shugaban jirgi ya jefa ƙwallonsa. Ba wasa ne ya kawo wannan tsari ba. Tekun yana da wata guguwa mai tasowa farat ɗaya a ranar da gari ya waye lafiya, ana kiranta galerna. Ta ranar 20 ga Afrilu 1878 ta kashe masunta fiye da 300 a gabar Bask da Kantabriya, ta Agustan 1912 kuma ta kashe fiye da 140, mafi yawansu 'yan Bermeo.

Har yau kofradia ce ke gudanar da gwanjon kifi a tasha, kuma gwanjon nasu daga sama yake farawa: ana kiran farashi mai tsada yana sauka, wanda ya fara tsayar da shi ya ɗauka. Mai saye yana tsakanin tsoro biyu, ya yi gaggawa ya biya da yawa, ko ya jira wani ya riga shi. Ma'aikatan jirgi kuma bisa al'ada kaso suke samu daga abin da aka sayar bayan an cire kuɗin mai da abinci, don haka kakar da ta yi kyau kowa ya sani, wadda ta ɓaci ma kowa ya sani, daga mai shago har mai gidan haya. Kada ka ɗauka aikin na maza ne kawai. Mata ke ɗinke tarun da ya yage, za ka gan su zaune a bakin tasha da allurarsu, su ke jera kifi a akwatuna, kuma tun da can su ke riƙe kuɗin gida, tunda maigida yana iya yin makonni a ruwa.

Kafin tuna da antxoa, abin da ya yi wa waɗannan garuruwa suna shi ne farautar wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayarwa, wadda hotonta ke kan tambarin Getaria. Mai gadi yana zama a kan tudu, in ya hango ta sai ya tayar da hayaƙi, maza su ruga cikin kwale-kwale, kowa da mashinsa. Kitsenta ake narkarwa a yi man fitila. Da ta yi ƙaranci a gida suka bi ta har gabar Kanada a ƙarni na 16, inda aka gano ɓaraguzan jirginsu San Juan da ya nutse a Red Bay a 1565. Labarin da 'yan gari suka fi so shi ne na 1878: aka kashe wata tsakanin Getaria da maƙwabciyarta Zarautz, kowane gari ya ce tasa ce, aka tafi kotu, kafin a yanke hukunci naman ya ruɓe. Ƙasusuwanta suna rataye a gidan kifaye na Donostia, za ka iya zuwa ka gani. Tsokanar da ke tsakanin garuruwan biyu ba ta mutu ba.

Yanzu abin da ya sa masu kuɗi ke tahowa Getaria daga Tokyo da New York, wato gashi. In ka bi layukan garin da rana za ka ga murhun gawayi a waje, manne da bangon gidajen abinci, mai gashi yana tsaye a titi yana aikinsa kowa na kallo. Al'adar daga jirage ta sauko, inda masunta ke gasa abin da suka kama. Sarkin wannan murhu shi ne kifin da Sifaniyawa ke kira rodabayo, shimfiɗaɗɗen kifi mai faɗi da idanunsa biyu a gefe guda. Ana sa shi ɗungurungum, da fatarsa da kansa da ƙayarsa, cikin ragar waya mai siffar jikinsa, a barbaɗa gishiri, a ɗora a kan garwashin da harshen wutarsa ya kwanta, ana juyawa ana yayyafa masa haɗin mai da ruwan khal. In ya sauka sai a kaɗa ruwan da ya tsatso daga jikinsa da wannan mai har ya yi kauri, a mayar masa a kai. Shi ke nan. Pedro Arregi, wanda ya buɗe gidan abinci na Elkano a 1964, shi ake danganta wa gasa wannan kifi da fatarsa, da kuma ɗora wuyan legatza a wuta a lokacin da ake ganin kan kifi na miya ne kawai. Ɗansa Aitor ke riƙe da gidan yanzu, kuma yana cikin gidajen abincin da ake ambata a duniya. Kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne, amma sadin ko txitxarro da aka gasa a irin wannan wuta a ƙaramin gida ba zai fi ƙarfinka ba.

Ga ra'ayina a kan girkin nasu, kuma gara ka ji tun yanzu: makon farko za ka ce abincin salam yake. Babu yaji, babu daddawa, babu kayan ƙamshin da harshenka ya saba da su. Gishiri ne, man zaitun, tafarnuwa, albasa, ganyen fasili, sai ɗan barkono da ba ya ko tayar da atishawa. Dalilinsu shi ne kifin da ya fito daga ruwa yau ba ya bukatar a rufe masa ɗanɗano, kuma a kan kifi ina ganin suna da gaskiya. Gwanintarsu tana wajen sarrafa wuta da sanin kowane sashe na jikin kifi. Suna ware ɗan naman da ke ƙarƙashin haɓar legatza, kokotxa, su sayar da shi da tsadar da ta fi ta sauran jikin. Suna da miyar pil-pil, wadda ba komai cikinta sai man zaitun da tafarnuwa da yauƙin da ke fita daga fatar kifin kod mai gishiri: ana juya kaskon a hankali a kan wuta marar ƙarfi har man ya haɗe ya zama miya mai kauri ruwan ɗorawa. Suna dafa txipiroi, wata halittar ruwa mai hannuwa da yawa, cikin baƙar tawadar jikinta da albasa mai yawa, abincin ya fito baƙi ƙirin, ga daɗi. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, dabbobin teku halal ne, har da kaguwa da jatan lande da irin wannan, don haka shari'a ba ta hana ka ba, sai dai ido ya hana. Duk da haka ka tafi da yajinka a jaka, na girkin ɗakinka. Kada dai ka fito da shi a teburin wanda ya gayyace ka.

Inda za ka yi hattara ke nan. Tuddan da suka kewaye Getaria gonakin inabi ne, an ɗaga kurangar a kan rumfuna saboda damshin ƙasa, kuma abin da ake yi da shi txakoli ne, farar giya mai ɗan tsami da garin ke alfahari da ita, wadda ta samu rajistar sunan yankinta a 1989. Ranar 17 ga Janairu, bikin San Anton, ake buɗe ta sabuwar shekara. Sagardo kuma, da za a ce maka ruwan tuffa ne, shi ma giya ne. Abin da za ka nema a maimakonsu shi ne mosto, ruwan inabi marar sa maye, ana samunsa a kowace mashaya kuma ba wanda zai kalle ka. Matsalar ita ce giyar da ke shiga tukunya: koriyar miyar fasili da ake dafa legatza da ita, da marmitako a wasu gidaje, da kaguwar da ake gasawa cikin ƙoƙonta, sau da yawa ana ɗiga musu farar giya ko barasa mai ƙarfi. Ka tambaya kai tsaye, ka ce sin vino, sin alcohol, wato ban da giya, ban da barasa. Gasasshen kifi shi ne mafi aminci.

Alade kuwa yana zuwa da sunaye da yawa: jamon, chorizo, txistorra, panceta, morcilla, lomo. Mai kawo abinci zai iya rantse maka cewa babu nama a faranti alhali akwai gutsattsarin jamon a ciki, don a tunaninsa wannan kayan ɗanɗano ne. Saboda haka faɗin sin cerdo, wato ban da alade, bai isa ba, ka ƙara da sin jamon. Ka yi zargin croqueta, wani soyayyen curin fulawa da madara, da dafaffen wake irin na Tolosa da ake haɗawa da kayan alade, da koren wake ko ganyen da aka soya, da wasu kayan fulawa da ake yi da kitsen alade, wanda ake rubutawa manteca. Ƙaton naman sa da suke gasawa, txuleta, ba yankan Musulmi ba ne, wannan kuma ka san matsayin da kake bi. Abin da ya rage maka yana da yawa: wainar ƙwai da dankali, wainar ƙwai da kifin kod, cukun Idiazabal na madarar tumaki, mamia wato daskararriyar madarar tumaki da zuma, da gilda, ɗan tsinke mai zaitun da antxoa da barkonon Ibarra.

Zaman jama'arsu yana da wuyar shiga, ba don ƙiyayya ba. Kowane mutum yana da koadrila, rukunin abokai da aka taso tare tun makarantar firamare, da su ake fita har tsufa. Da yamma suna zagaya mashaya, a tsaya a wannan a ci ɗan abin taɓawa da ake kira pintxo, a wuce ta gaba, kowa ya zuba kuɗi a asusu ɗaya. Mashaya a can wurin shan kofi ne da karin kumallo da hira, da yara da kakanni, amma giya na nan a fili, kai za ka auna wa kanka iyakar da za ka tsaya. Sai kuma txoko, ƙungiyar girki mai ɗakin dafa abinci da dogayen tebura, kowane mamba da makullinsa. Maza ne ke shiga kicin su dafa wa abokai da iyali, in an gama kowa ya rubuta abin da ya ɗauka daga ma'aji ya biya, babu mai tsaro. A Donostia aka fara su a ƙarni na 19, kuma sun daɗe ba sa barin mata su shiga, yanzu yawancinsu sun sassauta. In aka gayyace ka txoko, an ɗauke ka da muhimmanci. Ka faɗi abin da ba ka ci tun kafin ranar, za su ɗauke shi a matsayin ƙalubalen girki, su yi maka abin da ya dace. Ka kuma saba da lokutansu: abincin rana wajen ƙarfe biyu, na dare daga tara.

Sunan da za ka gani a ko'ina, a kan gunki da titi da kofradia, shi ne Juan Sebastian Elkano, ɗan garin. Ya bi ayarin jirage biyar da ya tashi daga Sifaniya a 1519 ƙarƙashin wani matuƙi ɗan Fotugal mai suna Magellan, da aka kashe Magellan a Filifin a 1521 jagoranci ya dawo hannunsa daga baya, ya yi lodin kanumfari a tsibirin Tidore, wanda sarkinsa Musulmi ne, ya zagayo ta ƙasan Afirka, ya tsaya a Kef Bade inda Turawan Fotugal suka tsare masa wasu mutane, ya iso Sifaniya ranar 6 ga Satumba 1522 da jirgi ɗaya, Victoria, da mutum 18. Su ne farkon waɗanda suka kewaye duniya a tafiya ɗaya. Tun 1922 garin ke kwaikwayon saukarsu, yawanci duk bayan shekara huɗu: 'yan gari 18 su sauko daga jirgi da tsummokara, ba takalmi, riƙe da kyandir, su hau zuwa coci. Ɗayan ɗan garin da duniya ta sani shi ne Cristobal Balenciaga, ɗan masunci da mai ɗinki, an haife shi a 1895, ya zama babban mai tsara tufafi a Paris. Gidan tarihinsa da aka buɗe a 2011 yana saman gari.

Bukukuwan shekara na addinin Kirista ne a asali, San Pedro majiɓincin masunta a wajensu ranar 29 ga Yuni, San Salvador a farkon Agusta, amma abin da za ka fi gani shi ne kiɗa da rawa da cin abinci a titi da wasanni. Wasan da ya fi tayar da jijiyar wuya shi ne tseren kwale-kwale: matuƙa 13 da mai riƙe akala, tafiyar mil uku na teku. Asalinsa gasar masunta ce ta rigegeniyar kai kifi kasuwa. Babbar gasar ana yin ta a Donostia a Lahadi biyu na farkon Satumba, tun 1879, kowane gari da launinsa, kuma za ka ga birnin ya cika da riguna. Akwai pelota, buga ƙwallo mai tauri a bango da tafin hannu, akwai kuma bertsolari, mawaƙan da ake ba su batu nan take su tsara baitoci masu amsa-amo, suna yi wa juna martani ba kiɗa. Gasarsu ta ƙasa, duk shekara huɗu, tana tara mutum fiye da dubu goma a zaure ɗaya, kuma a 2009 Maialen Lujanbio ta zama mace ta farko da ta lashe ta.

Ba kai kaɗai ne baƙar fata ko Musulmi a bakin wannan teku ba. 'Ya'yan Baskawa da yawa sun guji aikin jirgi, sai ya zama 'yan Senegal da Maroko da wasu ƙasashe ne ke cike gurbin, musamman a Ondarroa, amma har a Getaria za ka ji ana Wolof a tasha. Su ne za su fi saurin nuna maka inda ake sallar Juma'a da inda ake sayar da naman halal. Akwai masallatai a Donostia da Eibar da Bilbao, unguwar San Francisco ta Bilbao kuma cike take da mahautan halal da shagunan kayan Afirka. Ka shirya wa lokutan salla su ba ka mamaki: a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura na dare.

Maganar zama kuwa, kada ka sa rai da araha. Gabar Gipuzkoa tana cikin wurare mafi tsadar gidaje a Sifaniya, gidajen Getaria kaɗan ne, kuma da rani masu su sun fi son 'yan yawon buɗe ido. Garin ba shi da tashar jirgin ƙasa, sai dai bas, ko ka je Zarautz ko Zumaia ka hau jirgin Euskotren. In karatunka na kullum ne a Donostia, ka fara neman ɗaki a Errenteria ko Pasaia ko Lasarte, waɗanda suka fi kusa kuma yawanci suka fi sauƙi, ka bar Getaria ta zama wurin zuwa ranar Asabar. Ka sauka a Zarautz ka taka hanyar ƙafa da ke bin bakin teku, kimanin kilomita huɗu zuwa biyar. Ka sayi rigar ruwa mai kyau da takalmin da ba ya jiƙa tun makon farko, domin ruwan sama a can ba shi da damina, kowane wata yana iya sauka.